Naira dubu 750 da burin haɗa kwamfutar gem: me zan fara saya?

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗalibi ne mai karatun zanen gine-gine a nan Kaduna, ina zaune gaban iyayena a Tudun Wada. Na jima ina tara ɗan abin da nake samu wajen zana wa mutane katin biki da kalanda, har ya kai naira dubu 450. Baba ya cika mini dubu 300, don na ce masa kwamfutar karatu nake buƙata, wadda za ta ɗauki manhajojin zanen gini AutoCAD da Revit. Ban yi masa ƙarya ba, amma ban faɗa masa cewa rabin zuciyata na kan gem ba, FC da GTA V da Warzone. Wani mai shago ya nuna mini wata haɗaɗɗiya: Core i7-3770, RAM 32GB, katin hoto GT 730 mai 4GB, akwatin gilashi mai fitilu kala-kala, da kibod da maus, duka dubu 520. Ta shiga raina ƙwarai, ga shi zan samu canji. Abokina ya ce kada in kuskura. Monita ina da ita, inci 22. Wutar unguwarmu kuwa wata rana ta zo da ƙarfi, wata rana ko fanka ba ta iya juyawa. Me zan saya? Kuma in faɗa wa Baba ko in yi shiru?

Wani ɗalibi daga Tudun Wada

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Abokin nan naka ka riƙe shi da kyau, gaskiya ya gaya maka. Kada ka sayi wannan kwamfutar ko da an rage maka dubu ɗari, kuma zan faɗa maka dalili don gobe ka iya gane irinta da kanka.

Core i7 furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Sunan ya daɗe, tun 2008 Intel ke amfani da shi, saboda haka sunan kaɗai ba ya gaya maka komai. Lambar da ke biye da shi ita ce labarin. A 3770, ukun farkon nan na nufin zubi na uku, wato na shekarar 2012. Core i3-12100F da ta fito a 2022, wadda mai shago zai iya yatsina fuska ya ce ai ƙarama ce, ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Sannan Windows 11 ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas ta hanyar da aka tsara, ita kuma Windows 10 Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Oktoban 2025. RAM ɗin nan 32GB da ya burge ka, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a kanta, tsohon samfurin DDR3 ne, don shi kaɗai wannan furosesa ke ɗauka, kuma ranar da ka tashi sabunta kwamfutar ba inda zai bi ka. Katin GT 730 kuwa na 2014 ne, aikinsa fitar da hoto a ofis. Kamfanin EA mai yin wasan FC da kansa ya rubuta cewa mafi ƙarancin katin da FC 24 ke buƙata shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, kuma GT 730 bai kama ƙafar ko ɗaya a cikinsu ba. Wancan 4GB da aka liƙa masa girman wurin ajiya ne kawai, ba ƙarfi ba. Abin da aka nuna maka tamkar lefe ne da aka kashe kuɗin a kan akwatuna, aka buɗe aka tarar babu zannuwa.

Kafin mu shiga kayan, bari mu gama da maganar Baba, don ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ka faɗa masa. Ya ba ka dubu 300 ne a kan maganar da ka kai masa, kuma kai kanka ba ka samu natsuwa ba, shi ya sa ka tambaya. Gida ɗaya kuke, ba a daɗe ba zai ji ihun ƙwallo daga ɗakinka ko ƙannenka su kai labari, kuma jin da zai yi a bakin wani ya fi ciwo. Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne gaskiyar tana gefenka: kwamfutar da ke ɗaukar Revit da fitar da hoton gini ita ce dai mai ɗaukar gem, ba kaya biyu za ka saya ba. Ka same shi lokacin da hankalinsa ke kwance, ka zauna ƙasa, ka ce Baba na'urar nan ta karatu ce da sana'a, amma zan riƙa buga wasa a kanta idan na gama aikina, na ga bai dace in ɓoye maka ba. Ka yanka wa kanka lokaci tun kafin ya yanka maka, kuma lokacin salla da na jarrabawa kada su shigo ciki. Idan kana jin nauyinsa, ka fara bi ta wajen Umma. Idan ya nuna bai so, kada ka yi musu. Akwai hanyar da zan nuna maka a gaba wadda za ta ba ka kwamfutar karatu yanzu, ka ƙara katin daga baya da guminka.

To, yanzu kuɗin. Farashin kayan nan dala yake bi, abin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lalle ka same shi ranar Juma'a ba, don haka ka yi lissafi da kaso. A kwamfutar gem katin hoto ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin aiki, shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka, kamar kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari. A kuɗinka wannan ya kama dubu 260 zuwa 300. Monitarka inci 22 da wuya tsabtar hotonta ta wuce matakin 1080p, wannan kuma alheri ne gare ka, don ba ka buƙatar katin masu kuɗi kafin ka cika ta.

Katin da na fi so maka shi ne Radeon RX 6600 mai 8GB, na 2021. Yana buga wasannin da ka lissafa a 1080p cikin kwanciyar hankali, kuma wat 132 kawai yake ja, abin da ke da muhimmanci ga mai zama inda wuta da zafi ke da wuya. Idan ka ci karo da RTX 3060 na kamfanin NVIDIA mai 12GB na hannu, lafiyayye, a kuɗin da bai fasa maka lissafi ba, ka fifita shi saboda karatunka. Manhajojin fitar da hoton gini da yawa sun fi jituwa da katin NVIDIA, kuma 12GB zai yi maka rana a manyan zane. Shi wat 170 yake ja. Idan kuɗin ya gaza duka biyun, GTX 1660 Super mai 6GB bai tsufa da aiki ba, FC da GTA V ba za su ba shi wahala ba.

Za a yi ta tura maka RX 580 mai 8GB, don ya cika kasuwa kuma yana da araha. A zamaninsa, 2017, kati ne na kirki. Amma wat 185 yake sha, yana zafi, kuma da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin kirifto, sai da Ethereum ya daina amfani da katin hoto a Satumban 2022 aka juye su kasuwannin duniya. Akwai ma wanda ake rubuta wa RX 580 2048SP, wanda a ƙarfi ɗan'uwan RX 570 ne aka sauya wa suna. RX 6500 XT ma ka bar shi, 4GB gare shi kuma hanyar da yake magana da madabod, wato babban faifan da ake jona duk kayan a kansa, ƙunci gare ta, a tsohon madabod sai ya ƙara rauni.

Sayen kati na hannu ba laifi ba ne, da irin kuɗinka ma kusan dole ne. Abin da ba na so shi ne saye ido rufe. Ka sa a ɗora shi a kwamfuta a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunansa na ainihi da girman ma'ajiyarsa, don akwai jabun katuna, tsofaffi da aka sauya wa suna, kuma wannan manhaja takan tona su. Sannan a kunna manhajar gwajin kati ta FurMark ko wani gem mai nauyi a bar shi minti 20 zuwa 30, kana tsaye. Ka sa ido kan zafinsa. Idan ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ko ka ga ɗigo-ɗigo da layuka masu kala a allo, ko hoton ya ɗauke ya dawo, ko wata fanka ta ƙi juyawa ko tana ƙara, ka yi godiya ka tafi. Mai kaya mai gaskiya ba ya jin haushin gwaji. A rubuta maka lambar jikin katin da kwanakin garanti a kan rasit, ba da baki ba. Kada kuma ka tura wa wani kuɗi don ka ga hoton kaya a WhatsApp ko Instagram. Ka fara zagaya shagunan cikin gari, Ahmadu Bello Way da kewayen Kasuwar Sheikh Gumi, ka ji farashi a wuri uku ko huɗu. Idan babu abin da kake so, jirgin ƙasa na tashi daga Rigasa zuwa Abuja, kasuwar kayan lantarki ta Banex na nan a Wuse 2, sai dai ka sa kuɗin hanya cikin lissafi. Kayan kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas kuwa sai kana da wanda ka yarda da shi da zai gwada maka kafin a sa a mota.

Furosesa ba ta da wahalar zaɓi. Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD, ta 2022, mai ƙwaya shida, ta ishe ka gem da Revit, wat 65 take ci, kuma idan sabuwa ce a kwali da fankarta take zuwa, ka huta da wani kashe kuɗin. Ka haɗa ta da madabod B550, ko B450 idan ya fi sauƙi, amma shi B450 ka tabbatar an sabunta BIOS ɗinsa, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, ya san zubin Ryzen 5000 da wannan furosesa ke ciki, a kunna a gabanka ka gani. Idan ɓangaren Intel ya fi araha ranar da ka je, i5-12400F ko i3-12100F a kan madabod H610 ko B660 mai ɗaukar DDR4 duk hanya ce mai kyau. Ka lura, harafin F na nufin babu katin hoto a cikinta, ita ma 5600 haka take, ba za su nuna komai a allo ba sai da kati. Sabon tsarin AMD na AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa, zai cinye kuɗin katinka, ka bar shi sai wani jiƙon.

Hanyar da na ce zan nuna maka ita ce Ryzen 5 5600G. Ita tana da ɗan katin hoto a jikinta, za ta riƙe maka AutoCAD da zanen katunan bikinka, har da wasanni marasa nauyi idan ka rage ingancin hoto. Ta ɗan gaza 5600 idan an zo gem da babban kati, amma tana ba ka damar fara aiki yau, ka sa kati bayan wata shida. Wani amfaninta, ranar da kati ya samu matsala aikin makarantarka ba zai tsaya ba.

RAM 16GB DDR4 mai gudun 3200, amma sanda biyu na 8GB, kada ka yarda da sanda ɗaya na 16GB, don biyun tare suke aiki kuma bambancin a bayyane yake. Ka zaɓi madabod mai rami huɗu saboda Revit zai nemi ƙari nan gaba. A shiga BIOS a kunna XMP, saitin da ke sakar wa RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba a ƙasa da gudunsa zai riƙa tafiya. Ma'ajiyar fayiloli kuwa SSD, mai saurin nan irin NVMe. FC kaɗai wurin 100GB yake nema, GTA V ma kusan haka, ga Windows ga manhajojin makaranta, ka ga 500GB ba zai daɗe ba. In da hali ka ɗauki 1TB. Idan na hannu ne a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, ko da yake ni na fi son SSD sabo, tunda a nan aikin shekarunka zai zauna.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, don a nan yawancin samarinmu ke kuka. Fawafak, wato akwatin da ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran kayan, shi ne abin da kowa ke rainawa saboda ba ya ƙara gudu kuma ba a ganinsa. Amma idan ya mutu mutuwar banza yakan tafi da madabod ko kati, wani lokacin da duka. Kai da ka ce wutarku yau ƙarfi gobe rauni, wannan ba wurin neman araha ba ne. Ka saye shi sabo, wat 550 zuwa 650, mai tambarin 80 Plus Bronze, na kamfanin da aka sani irin Corsair, Seasonic, Cooler Master ko MSI. Tambarin 80 Plus yana auna rashin ɓarnar wuta ne, bai isa shaida shi kaɗai ba, shi ya sa sunan kamfanin da garantinsa ke da muhimmanci. Ka karanta takardar jikinsa, ka nemi wanda aka rubuta yana karɓar 100 zuwa 240V. Irin wannan ya fi jure wa wuta idan ta yi ƙasa. Ka duba yana da wayar kati mai fil takwas tasa ta kansa, kada a haɗa maka da wata 'yar wayar ƙari. Wanda ke zuwa kyauta a cikin akwati mai araha, mara nauyi a hannu, an rubuta masa 700W da manyan baƙaƙe, ka ce a cire shi.

Bayan fawafak sai abin da zai tsaya tsakaninsa da bango. UPS, na'urar nan mai batiri da ke riƙe wuta idan an ɗauke, ya fi, don yana ba ka mintunan da za ka adana zanenka ka kashe kwamfuta cikin tsari. A nan ma akwai tarko: VA, ma'aunin da ake rubuta wa UPS, ba wat ba ne. Ƙaramin UPS mai 650VA bai cika wuce wat 400 ba, kwamfutarka da monita kuma za su kusanci 300 a tsakiyar gem, ga batirinsa ƙarami. Ka nemi 1000VA zuwa sama, mai daidaita wuta a cikinsa. Idan kuɗi bai kai ba, sitabilaiza mai kyau ya fi babu, ka sayi UPS da kuɗin aikin farko da ya shigo. Idan gidanku da inbata, a bincika ko irin mai fitar da tsabtatacciyar wuta ce, don fawafak na zamani ba ya son wutar wasu ƙananan inbatoci. Janareta kuwa ka bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma kashe kwamfutar kafin a kashe shi. Da damina, da ka ga hadari ya haɗo ana walƙiya, ka zare filogi daga bango gaba ɗaya, kashe makunni bai wadatar ba. Ka sa mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin ɗakinka na da wayar ƙasa. Idan kana taɓa akwatin kana jin yana ɗan jan ka, alamar babu ce.

Tunda muna maganar wuta, awa huɗu na gem zai ci maka yunit ɗaya da ɗoriya a mita. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, magidanta suka fara ƙirga abin da kowane soket ke sha. Ko ba a wannan rukunin kuke ba, ranar da za ka yi wa Baba magana ka haɗa da cewa za ka riƙa sa wani abu a kuɗin mita duk wata. Zai gane da babba yake magana.

Akwati shi ne inda za ka matse hannu. Ba gilashi kake nema ba, iska kake nema: gaba mai raga, da tacin ƙura da ake cirewa a wanke, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa a baya. Akwatin da aka toshe gabansa da gilashi, a zafin Maris da Afrilu na Kaduna, dafa katinka zai yi. Ka ɗora shi a kan tebur, ba a ƙasa kan kafet ba. Da hunturu ƙura na shiga ko ta ina, don haka duk wata ka fitar da shi tsakar gida ka hure shi da abin hura iska, ka riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa a banza. Kibod da maus na talaka sun isa, hannun gem ɗaya mai waya ya ishe ka FC. Fitilu ba sa ƙara komai.

Warzone kuma ka rage buri a kansa tun yanzu. Katin zai ɗauke shi, amma wasa ne na intanet, kuma jinkirin da ke tsakaninka da babbar kwamfutar wasan da ke wata ƙasa ba kati ke gyara shi ba. Ga cin data wajen saukewa da sabuntawa, wanda shi ma kuɗi ne da ya kamata ka sani kafin ka fara.

Kada ka sayi kayan ɗaya-ɗaya cikin watanni. Garantin kayan hannu kwanaki ne, idan ka sayi kati yau ka ajiye sai bayan wata biyu ka samu madabod, lokacin da za ka gano matsala ba ka da bakin magana. Ka gama jin farashi, ka rubuta komai a takarda har da UPS da kuɗin mai haɗawa, sannan ka saya cikin mako guda. Idan jimillar ta haura dubu 750, ka rage daga akwati, sai girman SSD, sai ka sauko daga 5600 zuwa i3-12100F. Fawafak ba a taɓa shi. Ranar haɗawa ka tafi da abokin nan naka, ka tsaya a kan mai haɗawar ka ga kowane abu ya shiga, ka gwada lambobin da na rasit, kuma ka dawo gida da kwalayen, don wasu shagunan ba sa karɓar kaya idan babu kwali. A makon farko ka matsa mata da aiki sosai, gem da Revit duka, domin idan akwai abin da zai nuna hali ya nuna tun garanti bai ƙare ba. Allah Ya sa albarka a karatun, ka gaishe da Baba.